Sharhi: Wa ke zama da fursuna bayan an shafa fatiha?

A duk lokacin da aka tayar da zancen gidajen yari a Najeriya, cunkoso da yunwa ne ke fara zuwa bakin jama'a, sai kuma labarin fasa kurkuku idan an yi. Ba kasafai ake tambayar irin maganar da ke shiga kunnen mutanen da ke tsare daga safiya zuwa dare ba, balle a tambayi wanda ke faɗa musu ita.

Alƙaluman Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali sun nuna cewa a shekarar 2024 mutanen da ke tsare a ƙasar sun haura 80,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

A ɗauki misalin wani matashi daga unguwar Ƙofar Sauri a birnin Katsina, wanda aka kama bisa zargin satar babur, alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari kafin a sake zama. Mako biyun da aka ɗiba kan iya zama wata takwas. A tsawon wannan lokaci zai yi salla bayan limamin da fursunoni suka tsayar a ɗakinsu, zai ji nasiha ranar Juma'a, idan azumi ya kama kuma wata ƙungiya za ta kawo shinkafa da dabino, a yi wa'azi, a shafa fatiha, baƙi su tafi.

Wanda ke kwana kusa da shi, in Kirista ne daga Kafur ko Malumfashi, ko yaron shagon wani ɗan kasuwa daga kudu, shi ma zai halarci sujada ranar Lahadi. To sai dai akwai wani abu da ƙungiyoyin Kirista suka daɗe suna ginawa a gidajen yari da dama na ƙasar, wanda ya bambanta da sujada da wa'azi. Shi ne ƙaramin zama na mutum goma ko goma sha biyu, inda baƙon da ya zo daga waje yake rage magana, ya bar fursunoni su yi.

Daga Watergate zuwa Kirikiri

Ziyartar ɗaurarru tsohuwar al'ada ce a addinin Kirista, domin sura ta 25 ta Linjilar Matiyu ta lissafa ta cikin ayyukan da za a tambayi mutum a kansu ranar hisabi. Amma tsarin da ake gani a yau bai wuce shekara hamsin ba.

Mutumin da aka fi danganta shi da shi shi ne Charles Colson, mai bai wa shugaban Amurka Richard Nixon shawara, wanda aka ɗaure a 1974 lokacin badaƙalar Watergate. Ya yi wata bakwai a kurkuku, kuma a 1976 ya kafa ƙungiyar Prison Fellowship. Bayan shekara uku aka buɗe reshenta na ƙasa da ƙasa, wanda ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100, ciki har da Najeriya.

Ƙungiyar na da darussa biyu da suka yi fice. Na farko karatu ne na zama takwas a kan Linjilar Markus. Na biyu an gina shi ne kan labarin Zakka, mai karɓar haraji da sura ta 19 ta Linjilar Luka ta ce ya tuba har ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta dukiyarsu ninki huɗu. A wannan darasi akan kawo mutanen da aka taɓa yi wa fashi ko aka kashe musu ɗan uwa, su zauna da fursunonin da suka aikata irin wannan laifi, ko da yake ba su ne suka yi musu ba. A Legas kuma reshen Najeriya ya haɗa gwiwa da Jami'ar Covenant da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN wajen koyar da sana'a ga fursunonin Kirikiri da suka kusa fita.

Yadda ake jan zaman shi ne abin lura. Ana horar da jagora ya yi tambaya ya yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Idan wani ya mamaye magana, sai ya juya ga wanda bai ce komai ba. Ba ya tambayar mutum laifin da ya kawo shi, ba ya karɓar saƙo ya kai wa dangi a waje, ba ya ba da kuɗi, kuma ba ya yin alkawarin nemo lauya ko ganin alƙali. Waɗannan ƙa'idoji sun samo asali ne daga abin da aka sha gani: baƙon da ya karɓi wasiƙa ɗaya yau, gobe ya zama ɗan aiken ɗaki guda, jibi kuma gandurobobi su hana shi shiga.

Daga baya akan zaɓi wasu daga cikin fursunonin da suka kammala a horar da su su ja zaman da kansu. Wannan ne ke sa tsarin ya ɗore a ranakun da ba mai shigowa daga waje, waɗanda su ne mafiya yawa.

Fitaccen misali a Arewa shi ne na tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaure shi a 1995 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, tare da Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, wanda ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Obasanjo ya zauna a gidajen yarin Jos da Yola, inda ya riƙa jagorantar fursunoni Kiristoci a ibada da karatu har aka sake shi a watan Yunin 1998. Ya tattara wa'azozin nasa a littafi, kuma ya sha ba da labarin wani jagoran 'yan fashi da ya jawo cikin zaman a Yola, wanda a cewarsa daga baya ya zama fasto.

Shin yana gyara hali?

Labarai irin na Obasanjo suna da daɗin ji, kuma kowace ƙungiyar addini tana da nata. Auna su da alƙaluma ne ke da wuya.

Gwajin da aka fi ambato an yi shi ne a jihar Texas ta Amurka, inda a 1997, lokacin George W. Bush yana gwamna, aka ba ƙungiyar Colson wani sashe na kurkuku ta gudanar da shirin da ta kira InnerChange. Binciken da masani Byron Johnson ya fitar a 2003 ya nuna cewa cikin waɗanda suka kammala shirin, kashi 8 cikin 100 ne kawai suka koma kurkuku cikin shekara biyu, alhali a rukunin da aka kwatanta su da shi kashi 20 ne. Fadar White House ta yi maraba da sakamakon.

To amma masu suka sun duba wani shafi na wannan rahoto. Mutum 177 ne suka shiga shirin, 75 suka kammala. Idan aka ƙirga duka, har da waɗanda suka fice ko aka kora, kashi 24 ne suka koma kurkuku, wato sun ɗan zarce waɗanda ba su shiga ba. Kuma ba a ƙirga mutum cikin waɗanda suka kammala sai ya samu aiki bayan fitarsa ya riƙe shi na wasu watanni. Ke nan an tace nagari ne tukuna, sannan aka auna su.

Wannan bai nuna cewa zaman ba shi da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne amfanin na rataye ne da abin da ke biyo bayan fita: aiki, da wurin kwana, da wani mutum a waje da ya san sunan tsohon fursunan, yake kuma nemansa idan bai gan shi ba.

A Najeriya akwai wata matsala da ba a tsara waɗannan darussa dominta ba. An rubuta su ne don wanda kotu ta riga ta samu da laifi, ya san ranar fitarsa, ana so ya amsa laifinsa ya nemi gafara. Mai jiran shari'a fa? Idan ya buɗe baki a gaban mutum goma ya ce shi ya ɗauki babur ɗin, ya ba da shaida a kan kansa, a wurin da kowa ya san ba a rasa mai kai rahoto. Idan kuma bai ɗauka ba, da me zai tuba? Irin wannan mutum abin da ke cin ransa shi ne fayil ɗinsa da ya maƙale tsakanin 'yan sanda da ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Jagoran da bai gane wannan bambanci ba zai yi ta kiran mutane zuwa tuba, su kuwa suna kallonsa ne a matsayin wanda wataƙila ya san wani a kotu.

Sabulu da shinkafa

Damuwar da ta fi girma a zukatan Musulmin Arewa ba a ɓoye take ba: tsoron kada a yi amfani da halin ƙunci a sauya wa mutum addini.

Wannan tsoro yana da tarihi a Katsina. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, kuma babbar ƙofar da aka buɗe musu ita ce ta jinyar masu cutar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mishan ta SIM ta karɓi ragamar sansanin Babbar Ruga, kamar yadda ta karɓi na Yadakunya a Kano da na Amanawa a Sakkwato. An yi jinyar dubban mutanen da danginsu suka guje su, wannan ba a musunsa. Amma an sha samun saɓani tsakanin mishan da hukumomin gargajiya kan wa'azi ga majinyata, musamman yara, tun da majinyaci ba shi da wurin zuwa.

Fursuna ma haka yake. A watan Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dokoki cewa ana kashe naira 750 a rana wajen ciyar da fursuna, karen hukumar kuma naira 800. Daga baya gwamnati ta ƙara kuɗin zuwa naira 1,125. A wurin da abinci yake haka, duk wanda ya shigo da sabulu da kwanon shinkafa ya shigo da iko, ko ya nufa ko bai nufa ba. Wannan ya shafi fasto kamar yadda ya shafi malami. Kirista tilo a ɗakin Musulmi arba'in a Katsina na iya fuskantar irin matsin da Musulmi tilo zai fuskanta a Owerri ko Enugu.

Ko a Amurka batun ya kai kotu. A 2006 wani alƙalin tarayya a jihar Iowa ya yanke cewa ɗaukar nauyin shirin InnerChange da kuɗin gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki, bayan da aka nuna cewa waɗanda suka shiga suna samun ɗakuna da gata fiye da sauran fursunoni, kuma babu makamancinsa ga mabiya wasu addinai.

Doka dai a fayyace take. Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya ya bai wa kowa 'yancin addini, kuma ɗauri ba ya soke shi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce idan mabiya wani addini suna da yawa a kurkuku a naɗa musu malaminsu, kada a hana kowa ganin nasa, kuma idan fursuna ya ce ba ya son ziyarar wani malami a mutunta ra'ayinsa. Abin da ya rage shi ne aiki da su a bakin ƙofa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a raba kyauta da karatu: duk abin da aka kawo na ci ko na wanka ya bi ta hannun hukuma a raba wa kowa, zaman karatu kuma ya kasance babu komai a cikinsa sai karatun.

Zauren da ba a kai ciki ba

Tambayar da ta fi dacewa da masu karatu Musulmi ita ce, me ya hana su yin irin nasu?

Ba rashin madogara ba ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yusuf yana tattaunawa da samari biyu abokan zamansa a kurkuku, inda ya saurari mafarkinsu, ya yi musu tambaya kan tauhidi, sannan ya ba su amsa. Suratul Insan ta ambaci ciyar da kamamme tare da miskini da maraya. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya shawarci Halifa Haruna Rashid ya yanka wa fursunoni abinci da tufafi daga baitulmali. Imam Sarakhsi kuwa yana tsare ya yi wa ɗalibansa shiftar babban littafinsa na fiƙihu.

Haka kuma ba rashin salo ba ne. Karatun zaure, inda malami ke zama da ɗalibai ƙalilan, ya san kowa da littafinsa da inda ya tsaya jiya, ya fi kowane tsari na zamani daɗewa a Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

Amma galibin abin da ƙungiyoyin Musulmi da masu hannu da shuni ke kaiwa gidan yari ya fi karkata ga ciyarwa da biyan tara da bashi, musamman a watan Ramadan. Alheri ne babba, domin akwai waɗanda ke kwana a kurkuku saboda kuɗin da bai kai na buhun masara ba. Gwamnatin tarayya ma ta bi wannan hanya a watan Nuwambar 2023, lokacin da ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Sai dai biyan tara aikin yini ɗaya ne, ana iya ɗaukar hotonsa. Zama da mutum goma duk ranar Talata har tsawon shekara ba ya shiga labarai, kuma yana bukatar horo da haƙuri, da wanda zai maye gurbin malami ranar da ya yi tafiya. A nan ne ƙungiyoyin coci suka yi nisa, kuma da tsari suka yi shi fiye da kuɗi.

Akwai kuma kunya. A ƙasar Hausa iyali kan ɓoye cewa ɗansu yana gidan yari, a ce ya tafi Legas ko Agadas neman kuɗi. Malamin unguwar da ya yi masa huɗuba ranar suna ba lallai ne ma ya sani ba.

Inda iyaye suka nemi gyaran hali ta hanyar addini da kansu, an ga yadda ta kaya idan babu sa ido. A watannin Satumba da Oktoban 2019 'yan sanda sun kai samame gidajen mari a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da cikin birnin Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyaye ne suka kai mafi yawansu, suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko gagara, kuma saboda ba su ga wani wurin da za su kai su ba.

Gurbin da aka bari kuwa ba ya zama fanko. Ƙaramin zama na mutum goma makami ne da kowa ke iya ɗauka. Abu Mus'ab al-Zarƙawi ya tara mabiyansa na farko ne a kurkukun Jodan a shekarun 1990, kuma Abubakar al-Bagadadi ya zauna a sansanin Bucca na sojojin Amurka a Iraƙi a 2004. A gida, 'yan Boko Haram sun fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumbar 2010 suka saki fursunoni fiye da 700, sannan ranar 5 ga Yulin 2022 ƙungiyar ISWAP ta fasa na Kuje, fiye da 800 suka tsere. A Kuje ɗin ne gwamnati ta fara wani shiri na sauya tunanin masu tsattsauran ra'ayi tun wajajen 2015, da tallafin Tarayyar Turai, inda limamai da fastoci da masana halayyar ɗan Adam suka yi aiki a tawaga guda. Matashin Ƙofar Sauri da aka kama kan babur ba ya cikin irin wannan shiri, amma yana iya kwana ɗaki ɗaya da wanda ake zargi da kai wa 'yan bindiga makamai a dajin Rugu.

Abin da ke hannun jihohi

Dokar da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta sauya sunan hukumar daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta kuma tanadi sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Wannan tanadi bai kamata ya zama baƙo a Katsina ba, jihar da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, domin afuwa da diyya da sulhu suna cikin fiƙihun da alƙalanta suka karanta. Darasin Zakka da babin mayar da haƙƙi a littattafan Malikiyya suna magana ne kan abu guda, wato tuba ba ta cika sai an mayar wa mai abu abinsa.

A watan Maris na 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka mayar da harkar gidajen yari cikin abubuwan da jihohi ma ke da ikon yin doka a kansu. Ke nan majalisar dokokin Katsina na iya tsara wanda zai shiga ya koyar, da horon da zai samu, da wanda zai sa masa ido, a duk gidan gyaran halin da jihar ta kafa. A shekarar ce kuma Fadar Vatican ta kafa sabuwar diyosis ta Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, wanda Bahaushe ne, bishop ɗinta na farko. Duk wata ƙa'ida da za a shimfiɗa sai an zauna da irinsa, da shugabannin cocin ECWA, da Jama'atu Nasril Islam, da Izala, da shehunan ɗariƙu, tun da ɗaki ɗaya mabiyansu ke kwana.

Akwai wani sauyi da ke tafe a hankali wanda zai shafi duka ɓangarorin. Gidajen yarin Arewa na asali na sarakuna ne, Yari ke kula da su, shi ya sa aka gina su a tsakiyar gari kusa da fada, kuma suna hannun En'e har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe su. Malami ko fasto na iya zuwa da ƙafa bayan la'asar. Sababbin da ake ginawa kuwa a bayan gari suke. A 2025 gwamnatin Kano ta bayyana shirin mayar da gidan yarin Kurmawa, wanda aka gina a 1910, gidan tarihi, a kwashe fursunonin zuwa Janguza da ke kan hanyar Gwarzo. Za a samu sarari da iska, amma mai aikin sa-kai da ke zuwa duk mako zai riƙa biyan kuɗin mota zuwa da dawowa daga aljihunsa, haka ma uwar da ke kai tuwo.